Tambaya da Amsa: Neman lafiya a Japan, da inda kuɗi ke zurarewa

Wasiƙun wannan wata sun karkata ga Japan. Wasu daga masu shirin tafiya, wasu daga waɗanda ke can da iyalinsu, ɗaya kuma daga ma'aikacin lafiya. Mun taƙaita tambayoyin, mun sakaya sunaye kamar yadda muka saba. Alƙaluman kuɗi duk da yen ne, kuɗin Japan, bisa tsarin da ake bi a 2025.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a Osaka, shekara biyu. An ce dole in shiga inshorar lafiya ta gwamnati. Ni kuwa lafiyata ƙalau, ga guzuri ba yawa. Ba zan iya ƙyale ta ba? Daga wani ɗalibi, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ba za ka iya ba, ɗan'uwa. Tun 1961 Japan ta wajabta wa duk mazaunin ƙasar shiga inshorar lafiya, kuma baƙon da zai zauna fiye da wata uku mazauni ne a idon doka. Hanya biyu ce ga wanda bai kai shekara 75 ba. Ma'aikacin kamfani yana ƙarƙashin inshorar wurin aiki, ana cire kuɗin daga albashi, shi rabi kamfani rabi. Ɗalibi, ɗan kasuwa mai zaman kansa, manomi da marar aiki kuwa suna shiga wadda ake kira Kokumin Kenko Hoken, ko Kokuho a taƙaice, wadda ake rajistarta a ofishin ƙaramar hukuma. Taka ke nan.

Cikin kwana 14 da samun masauki ka je ofishin gundumarku da fasfo da katin zama, ka yi rajistar adireshi, a rana guda ka wuce teburin Kokuho. Kada ka tashi daga teburin sai ka cike takardar bayyana kuɗin shiga, ka rubuta cewa bara ba ka samu ko sisi a Japan ba. Nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Kuɗin inshorar ana lissafa shi ne da abin da mutum ya samu a shekarar da ta wuce, kuma wanda bai samu komai ba ana yafe masa kashi 70 cikin 100 na kason da ake ɗora wa kowane kai. Amma ofishin ba ya duba, sai abin da ka faɗa masa a rubuce. In ka yi shiru, takardar biya za ta zo maka cike, ba ragi. Haka za ka riƙa bayyanawa kowace shekara. In kuma ka kama aikin wucin gadi ka samu kuɗi sosai, ka sa a ranka cewa inshorar baɗi za ta hau.

Wanda ya noƙe bai yi rajista ba bai tsira ba. Ranar da ciwo ya kai shi ofishin, za a bi shi bashin baya tun daga ranar da ya kamata ya shiga, har na shekara biyu, a wasu garuruwan ma uku.

Abin da kake samu shi ne, duk asibitin da ka je kashi 30 cikin 100 kawai za ka biya, har da likitan haƙori, in ban da aikin kwalliya irin su daidaita haƙora da waya. Farashin kuma ɗaya ne daga Hokkaido har Okinawa, domin gwamnati ce ke yanka shi. Kowane aiki yana da maki, maki ɗaya yen 10, ana kuma bitar jadawalin duk shekara biyu. Ganin likita karo na farko, a bitar 2024, maki 291 ne, wato yen 2,910, naka kason kusan 870. Likitan da ya karɓi inshora ba shi da ikon ƙara ko rage wannan kuɗi, asibitin gwamnati ne ko na kuɗi.

Sai dai akwai tsari na wa za a fara gani. Kada mura ta kai ka asibitin koyarwa na jami'a. Manyan asibitoci suna cajin wanda ya zo ba takardar turawa aƙalla yen 7,000 tun Oktoban 2022, kuma inshora ba ta taɓa wannan kuɗin. Ka fara da ƙaramin asibitin unguwa. Can kowane ɗaya da fanninsa a rubuce a allo: naika na ciwon ciki, zazzaɓi da mura, jibika na kunne, hanci da maƙogwaro, hifuka na fata, ganka na ido. In abin ya fi ƙarfinsa, shi zai rubuta maka takardar, sunanta shokaijo. Takardar magani kuma kwana huɗu ne ranta, har da ranar da aka rubuta ta, Lahadi da ranar hutu duk a ciki. Wanda aka ba ranar Juma'a ya ce sai Talata, sai ya koma wurin likita ya sake biya.

Game da kati: tun 2 ga Disamban 2024 an daina buga tsohon katin inshora. Yanzu katin My Number, wato katin shaida mai lambar da ake ba kowane mazauni, ake haɗawa da inshorar, wanda bai da shi kuma a ba shi takardar shaida daban. Ko wanne ka samu, ya zauna a aljihunka. In ka manta shi aka caje ka duka, ka adana rasit da takardar bayanin aikin da aka yi, za a mayar maka da kashi 70.

TAMBAYA: Mijina yana aiki a wani kamfanin motoci kusa da Nagoya, likita ya ce sai an yi masa tiyata, kuma mun ji kuɗin zai kai yen miliyan ɗaya. Kashi 30 ɗin ma ya fi ƙarfinmu. Ina mafita? Daga wata baiwar Allah, Aichi.

AMSA: Allah ya ba shi lafiya. Ki kwantar da hankalinki, Hajiya, ba za ku biya 300,000 ba. Akwai rufi da aka sa wa abin da mutum zai kashe a wata guda, sunan tsarin kogaku ryoyohi. Rufin ya danganta da albashi. Ga wanda bai kai 70 ba, yake samun tsakanin yen miliyan 3.7 zuwa 7.7 a shekara, lissafin shi ne 80,100, sannan a ƙara kashi 1 cikin 100 na abin da jimillar kuɗin ta ɗara 267,000. A tiyatar miliyan ɗaya, abin da ya ɗara 733,000 ne, kashi ɗayansa 7,330. Za ku biya 87,430. Wanda albashinsa bai kai miliyan 3.7 ba rufinsa 57,600, wanda aka yafe wa harajin mazauna saboda ƙarancin samu kuma 35,400. In mutum ya taɓa rufin sau uku cikin wata 12, daga na huɗu sai ya sauko, ga masu matsakaicin albashi zuwa 44,400.

Ga inda ake asara ba a sani ba. Watan da ake nufi na kalanda ne, daga 1 zuwa ƙarshen wata, ba kwana 30 daga ranar kwanciya ba. A ce an kwantar da shi 25 ga wata, aka sallame shi 5 ga na gaba, kuɗin ya rabu 500,000 nan 500,000 can. Kowane wata da rufinsa, 82,430 sau biyu, ya zama 164,860. Ciwo ɗaya, aiki ɗaya, kuɗi ya kusa ninkawa. Idan tiyatar ba ta gaggawa ba ce kuma likita ya ba ku zaɓin rana, ku nemi farkon wata. In ta gaggawa ce, kada ku tsaya lissafi, rai ya fi kuɗi.

Rufin bai haɗa da abinci ba, wanda yake kusan yen 500 kowane ci, bai haɗa da kayan sawa na haya ba, bai kuma haɗa da ɗakin mutum ɗaya ba. Wannan na ƙarshe shi ne mai cin kuɗi, yana iya kai dubbai a kwana. Ki lura da takardun da za a miƙo muku ranar kwanciya. Ƙa'ida ita ce ba a cajin kuɗin ɗaki na musamman sai da sa hannun yarda, kuma ba a cajinsa idan likita ne ya keɓe mara lafiya don larurar magani. In kuna son ɗakin gama-gari, ku faɗa kafin ku sa hannu.

Don kada ku biya 300,000 sannan ku zauna jiran ragowa wata uku, ya nuna katin My Number a na'urar da ke teburin karɓar baƙi, rufin zai hau kansa nan take. In ba shi da katin, ya nemi takardar gendogaku tekiyo ninteisho daga inshorar kamfaninsu tun kafin a kwantar da shi. Wanda ya riga ya biya yana da shekara biyu ya nemi a mayar masa.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba: idan jinyar ta hana shi aiki kuma albashi ya tsaya, inshorar ma'aikata tana biyan kusan kashi biyu cikin uku na albashi daga rana ta huɗu, har zuwa wata 18. Masu Kokuho ba su da wannan.

TAMBAYA: Zan ziyarci ɗana a Tokiyo wata biyu. Ina shan maganin hawan jini da na suga. In tafi da abina ko in saya can? Daga wata uwa, Zariya.

AMSA: Ki tafi da abinki, Mama, amma da takarda. Mai ziyara ba ya shiga inshorar ƙasa, ɗanki ma ba zai iya sa ki a tasa ba tunda ba can kike zaune ba. Duk abin da ya faru ke za ki biya duka, wasu asibitocin ma suna ninka wa baƙo farashi biyu ko uku. Saboda haka a saya miki inshorar tafiya, a kuma karanta ko ta yarda da ciwon da mutum ya zo da shi, domin da yawa suna cire shi.

Maganin da likita ya rubuta, na wata ɗaya ake shiga da shi ba izini. Naki na wata biyu sai da takardar Yunyu Kakunin-sho, wadda ake nema ta intanet daga ofishin ma'aikatar lafiyarsu. A nema da makonni kafin tafiya, da kwafin takardar likita da tikitin jirgi. Ki bar magunguna a kwalinsu na asali, kada a juye su a leda. Ki bar maganin tari mai kodin a gida, shi sai da izini na musamman, haka wasu magungunan mura masu buɗe hanci haramtattu ne a can ko da a kemis aka saye su a nan. Sassaƙe, saiwoyi da garin magani marar suna kuwa za su tsayar da ke a filin jirgi.

In gaggawa ta taso, lambar ita ce 119, kuma motar asibiti kyauta ce. In ana shakka ko abin ya kai a kira mota, a Tokiyo ana buga #7119, ma'aikaciyar jinya ta ba da shawara. Ki sani kuma, ma'aikatan motar sai sun buga waya sun sami asibitin da ya yarda ya karɓa kafin su tashi, wani lokaci a ɗan jima a ƙofar gida. Takarda ɗaya mai sunayen magungunanki da cututtukanki, wadda ɗanki ya rubuta da Japananci, tana rage wannan jira.

TAMBAYA: Matata na da ciki wata biyu. An ce inshora ba ta biyan haihuwa. Gaskiya ne? Daga wani magidanci, Saitama.

AMSA: Gaskiya ne, Malam, ga haihuwar da ta zo lafiya, domin a tsarinsu ciki ba ciwo ba ne. Amma inshorar tana ba da kuɗin haihuwa dunƙule, yen 500,000 kan kowane jariri tun Afrilun 2023. In kun sa hannu a takardar biya kai tsaye, kuɗin zai tafi asibiti, ku cika abin da ya rage. A ƙasa baki ɗaya haihuwa tana kamawa kusan hakan, a Tokiyo takan haura 600,000. Idan ta kai ga fiɗa, ta zama jinya: kashi 30, da rufin wata, kuma kuɗin haihuwar na nan.

Da likita ya tabbatar da ciki, ta je ofishin gunduma ta sanar. Za a ba ta littafin uwa da ɗa, boshi techo, da tikitin awo 14. Littafin nan tun 1948 ake amfani da shi, a ciki ake rubuta awo, haihuwa, nauyin yaro da duk allurar rigakafinsa har ya shiga makaranta, kuma a hannun uwa yake zama. Garuruwa da yawa suna da shi da Turanci. 'Yan'uwanmu na Gana za su gane shi, don littafin uwa da ɗa da ake bayarwa a asibitocinsu da tallafin hukumar JICA ta Japan aka tsara shi.

Ku kama gurbin haihuwa yanzu. Asibitocin haihuwa sun ragu, masu farin jini sukan cika tun ciki bai kai wata huɗu ba. In tana son likita mace, ku tambaya tun farko, sai dai ba za a yi muku alkawarin wanda zai kasance bakin aiki daren naƙuda ba. Batun abinci marar naman alade da barasa ma a faɗa tun a rajista. Bayan haihuwa kwana 14 kuke da su na rajistar jariri, wato an yi suna ranar bakwai da sauran mako. Izinin zamansa kuwa cikin kwana 30 ake nema a ofishin shige da fice. Kaciya, in ba ta larura ba, daga aljihunka ce.

TAMBAYA: Me ya sa Japanawa ke daɗewa a duniya? Kifi ne da koren shayi? Daga wani malamin makaranta, Maraɗi.

AMSA: Kwana na Allah ne, Malam, amma sababi a bayyane yake, kuma shayi ne mafi ƙanƙanta a ciki. A 1947 matsakaicin ran namiji a Japan shekara 50 ne, mace 54. Yau 81 da 87. Shayin nan kuwa suna shan sa tun can. Abin da ya canja shi ne sun bi manyan masu kisa ɗaya bayan ɗaya. Tarin fuka ne kan gaba har 1950, aka taso masa da hoton ƙirji, rigakafi da magani da kuɗin gwamnati. Daga 1951 shanyewar ɓarin jiki ta karɓi tuta har 1980, saboda gishiri: miyar miso ta waken soya, kifi mai gishiri, ganyen da aka jiƙa a ruwan gishiri. A jihar Nagano, inda abin ya yi ƙamari, ma'aikatan jinya da matan unguwa 'yan sa-kai suka riƙa bi gida gida suna auna hawan jini, suna auna gishirin miya. Nagano ta dawo cikin jihohin da suka fi tsawon rai. Har yanzu dai Bajapane na cin kusan giram 10 na gishiri a rana, ninki biyu na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. Wanda ke jefa dunƙule huɗu a tukunya ya ƙara da gishiri, wannan darasin nasa ne.

Na biyu shi ne awo kafin ciwo. Doka ta tilasta wa kowane kamfani ya duba lafiyar ma'aikatansa duk shekara. Tun 2008 'yan 40 zuwa 74 ana auna musu ƙugu, suga, kitsen jini da hawan jini. Namijin da ƙugunsa ya kai santimita 85, ko macen da nata ya kai 90, in aka haɗa da wata alama, sai a kira shi zaman shawara. Ƙananan hukumomi kuma suna aika takardar gwajin sankara da rahusa: hanji da huhu daga 40 duk shekara, mama daga 40 da bakin mahaifa daga 20 duk shekara biyu, ciki daga 50.

Kada a ɗauka aljanna ce. Kusan kashi 29 cikin 100 na al'umma sun kai 65, masu biyan inshora na raguwa, masu ci na ƙaruwa. Shi ya sa a 2000 aka buɗe inshorar kula da tsofaffi daban, wadda kowa ke fara biya daga 40. Gadajen asibiti sun yi yawa, likitoci ba su kai uku ga mutum dubu ba, har su da kansu suna cewa jiran awa uku, ganin likita minti uku.

TAMBAYA: Ina aikin raba Mectizan a ƙauyuka. Wani ya ce daga Japan maganin ya fito, kuma yana maganin korona. Daga ma'aikacin lafiya, Taraba.

AMSA: Rabin farko gaskiya ne. A shekarun 1970 Satoshi Omura na Cibiyar Kitasato a Tokiyo ya samo wata ƙwayar bakteriya a cikin ƙasar da aka ɗebo a jihar Shizuoka. Aka aika da ita kamfanin Merck a Amurka, inda William Campbell da abokan aikinsa suka gano tana kashe tsutsotsi. Daga nan aka sami ibamektin, wato Mectizan ɗin da kake rabawa. Tun 1987 kamfanin ke ba da shi kyauta don makantar kogi, daga baya aka haɗa da tundurmi. Omura da Campbell sun sami kyautar Nobel a 2015.

Rabin na biyu ba haka ba ne. An gwada shi a kan masu korona a Japan ɗin kanta, kamfanin Kowa ya fitar da sakamako a 2022, ba a ga bambanci tsakaninsa da ƙwayar banza ba.

Dangantakar binciken Japan da yankinmu ta girmi wannan. Hideyo Noguchi ya rasu a Akra a 1928 yana binciken zazzaɓin shawara, cutar da yake nema ita ta kashe shi, kuma cibiyar bincike mai sunansa tana Jami'ar Gana tun 1979. Magungunan rage kitsen jini da ake rubutawa a asibitocinmu sun samo asali ne daga aikin Akira Endo a kan fumfuna. Shinya Yamanaka na Jami'ar Kiyoto ya nuna yadda ake mayar da ƙwayar fata ta koma kamar ta ɗan tayi, ya sami Nobel a 2012, Tasuku Honjo kuma a 2018 kan hanyar sakin garkuwar jiki ta yaƙi sankara. Sai dai in wani ya ce a tara miliyoyi a kai mara lafiya Japan a yi masa allurar ƙwayoyin halitta ya warke daga suga ko shanyewar jiki, a yi hattara. Irin wannan asibitocin kuɗi ne ke sayar da shi a wajen inshora, ba kuma shi ne binciken Kiyoto ba.

Tunda kana fagen aiki, ka riƙe sandar awon tsawon mutum da kyau: santimita 90 zuwa 119 ƙwaya ɗaya, 120 zuwa 140 biyu, 141 zuwa 158 uku, sama da haka huɗu. Ba a ba yaron da bai kai 90 ba, ba a ba mai ciki, ba a ba wanda ke kwance rai a hannun Allah. Ku da kuke kusa da iyakar Kamaru kuma, ku tambayi wanda ya taɓa ganin tsutsa na ratsa farin idonsa ko ya zauna a dazukan kudu. Mai ɗauke da tsutsar Loa da yawa a jini, maganin na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ya sha ya fara ruɗewa, tafiya ta gagare shi ko fitsari ya kufce masa, a kai shi asibiti a ranar.